Tuhumar kisan kai: Wa ke nuna wa talaka ƙofar da ke tsakanin igiya da ɗauri?

Duk ranar da aka gurfanar da wani a kotu bisa tuhumar kisan kai, akwai mutum na biyu da ke kwasar zagi kusan daidai da wanda ake tuhumar. Shi ne lauyan da ya miƙe ya ce shi ke tsaya masa. A majalisu da shafukan sada zumunta tambayar ba ta sauyawa: wane irin rashin tsoron Allah ne zai sa mutum ya kare wanda ya zubar da jini?

Kanawa ba za su manta da shari'ar Hanifa Abubakar ba, yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a watan Disambar 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022. Mai makarantar da take karatu, Abdulmalik Tanko, shi ne babban wanda aka tuhuma. Gari ya ɗauki zafi har wasu na ganin zaman kotun ma ɓata lokaci ne. Waɗanda ake tuhumar ba su da lauya, sai da aka samo musu daga Hukumar Legal Aid, wadda gwamnatin tarayya ta kafa domin ta riƙa tsaya wa marasa hali. Ranar 28 ga Yulin 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin kisa ta hanyar rataya, ta ɗaure ta ukunsu, wadda mace ce, shekara biyu.

Abin da masu zagin ba su lura da shi ba shi ne, da an yi wannan shari'a babu lauya, da hukuncin bai tsaya da ƙafarsa ba. Tun a 1985, a shari'ar wani mai suna Josiah, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kisa, ta ce a sake shari'a daga farko, saboda an yi wa mutumin shari'ar rai ba shi da lauya. Ke nan lauyan da ake tsine wa yana cikin waɗanda suka toshe wa Tanko wannan hanyar kuɓuta.

Sai dai shari'ar Hanifa ba ita ce irin wadda ta fi yawa a kotuna ba. Mafi yawan shari'un kisa ba su da kyamara, ba su da zanga-zanga. Faɗa ne a tasha kan canjin Naira ɗari biyu. Rikicin iyakar gona ne. Samari ne biyu a ƙofar gidan budurwa, ko miji da mata da tsakar dare, ko kishiyoyi a madafi. A irin waɗannan, sau da yawa babu gardama kan wanda ya yi dukan. Gardamar tana kan yadda aka yi, da abin da ke ransa lokacin da ya ɗaga hannu. Amsar wannan tambaya ita ke raba wanda za a rataya da wanda zai yi shekaru ya fito, da wanda za a sallama a ranar. Doka ta buɗe waɗannan ƙofofi tun da daɗewa. Matsalar ita ce talaka ba ya sanin suna nan, sai bayan an rufe su.

Abin da doka ta tanada

A jihohin Arewa da Abuja, kundin Final Kod ne tushen hukunta manyan laifuka a kotunan da ba na Shari'ar Musulunci ba. An yi shi a 1959, ya fara aiki a 1960. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta nasu har lambobin sassan suka sauya, amma ginin bai sauya ba.

Kundin ya raba kisa gida biyu. Sashe na 221 shi ne kisan da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 222 ya lissafa yanayin da kisa ke sauka daga wannan matsayi, sashe na 224 kuma ya ce hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne ko abin da bai kai haka ba. A Kudu, inda ake aiki da Kiriminal Kod, sunayen ne suka bambanta, amma rabon kusan ɗaya ne.

Kafin a sami mutum da laifi a ƙarƙashin sashe na 221, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu uku: cewa mutum ya mutu, cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, da cewa ya yi da niyyar kisa ko yana sane da cewa mutuwa ce abin da aikin nasa ya fi yiwuwa ya haifar. Idan ɗaya ya faɗi, tuhumar ta faɗi. Kuma ba wanda ake tuhuma ne zai wanke kansa ba. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ce tabbatarwar sai ta kai matsayin da babu wata shakka mai ma'ana.

Wannan ƙa'ida an gaje ta ne daga Ingila. A 1934 wani matashi mai aikin gona, Reginald Woolmington, ya harbe matarsa, ya ce bindigar ce ta tashi bisa kuskure. Alƙali ya ce tunda ya yarda shi ya harba, to shi zai tabbatar da cewa kuskure ne. Aka yanke masa hukuncin rataya. A 1935 kotun ƙoli ta ƙasar ta rushe hukuncin, ta ce nauyin tabbatar da niyya yana wuyan masu ƙara daga farko har ƙarshe. Har gobe lauyoyin Najeriya na kafa hujja da wannan shari'a.

Akwai abu ɗaya da ya sa rabon nan ya zama batun rai da mutuwa. Da zarar kotu ta sami baligi da laifi a sashe na 221, hannun alƙali a ɗaure yake. Ba shi da ikon ya ce wannan karonsa na farko ne, ko yana da 'ya'ya ƙanana, ko ya yi nadama. Hukuncin ɗaya ne, rataya. Don haka duk wani sassauci sai an nemo shi kafin a kai wannan gaɓa.

Tarihin rabon ma a Arewa aka yi shi. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, wadda ba ta ɗaukar fushin tsokana a matsayin abin da ke sauke ƙisasi daga wanda ya kashe da gangan. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, domin a dokar Turawa kisan da tsokana ta jawo ba na rataya ba ne. Taƙaddamar da ta biyo baya, ta wace doka za a bi a shari'ar kisa, tana cikin abin da ya haifar da Final Kod.

Shari'ar Musulunci tana da tata ƙofar: waliyyan mamaci suna iya yafe ƙisasi, ko su karɓi diyya. A Final Kod ba haka ba ne. Laifin kisa tsakanin gwamnati ne da wanda ake tuhuma, yafewar dangi ba ta rufe fayil. Iyalai da yawa sun sayar da gona da shanu sun yi sulhu a gida, suna zaton magana ta ƙare, sai suka tarar ɗansu na nan a gidan yari yana jiran ranar kotu.

Wuƙa ɗaya a dajin Adamawa

Babu shari'ar da ta tona yadda ƙofar kare kai take da ƙunci kamar ta Sunday Jackson, wani manomi daga Ƙaramar Hukumar Demsa a Jihar Adamawa. A 2015 yana gonarsa rikici ya haɗa shi da wani makiyayi. A bayanin da ya yi, makiyayin ne ya far masa da wuƙa ya ji masa rauni, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya daɓa masa a wuya. Makiyayin ya mutu.

A Fabrairun 2021 Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin rataya. Dalilinta shi ne, tunda ya ƙwace wuƙar, yana da damar ya gudu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar. Ranar 7 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ma ta tabbatar, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ce kaɗai ta saɓa, tana ganin mutumin kansa ya kare.

An ja wannan shari'a zuwa fagen ƙabila da addini, a gida da waje, kuma hakan ya rufe ainihin abin dubawa. Wanda ya mutu shi ma ɗan wasu ne, kuma ba ya nan balle ya faɗi nasa. Tambayar doka ba ta da ƙabila: a wane daƙiƙa ne mai kare kansa ke komawa mai kisa?

Kundin Tsarin Mulki, a sashe na 33, ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfin da ya dace domin kare kansa ko wani ko dukiya, ko da rai zai salwanta. Final Kod ya fayyace daga sashe na 59 zuwa gaba. Idan mutum yana da dalilin jin tsoron za a kashe shi ko a yi masa mummunan rauni, kariyarsa tana iya kai wa ga kisa. Amma da sharaɗi: kada ya yi ɓarnar da ta wuce buƙata, kuma haƙƙin ba ya aiki idan akwai lokacin neman taimakon hukuma. Wannan sharaɗi na biyu yana da daɗin karantawa a Abuja. Manomin da ke dajin da babu caji ofis sai an yi tafiyar awa biyu a kan babur, shi ya san yadda yake a aikace.

Masu rinjaye a Kotun Ƙoli sun tsaya kan cewa haɗarin ya gushe lokacin da wuƙa ta koma hannun Jackson, don haka abin da ya biyo baya ya wuce kariya. A takarda maganar tana da tsari. Amma faɗan wuƙa ba ya tsayawa a busa usur. Mutumin da jini ke zuba a jikinsa, suna birgima a ƙasa da wanda ya nemi ransa, ba shi da sukunin auna suka nawa ce ta isa. Kuma wanda aka ƙwace wa wuƙa yana iya sake ƙwato ta.

Ko da an yarda ya wuce gona da iri, Final Kod yana da mazauni na tsakiya da aka tanada domin irin wannan. Ƙaramin sashe na 2 na sashe na 222 ya ce wanda ya fara kare kansa da gaskiya, ba tare da shiri ba, sannan ya zarce iyakar da doka ta ba shi, kisansa ba na rataya ba ne. Ƙaramin sashe na 4 ya ce haka nan kisan da ya auku a faɗan ba-zata cikin zafin rai, muddin mutum bai yi mugunta ta daban ba. Da wuya mai karatu ya dubi labarin dajin Adamawa bai ga ya fi kama da ɗayan waɗannan biyun ba. A tafi kai tsaye zuwa igiya, a tsallake wannan mazauni, shi ne abin da ya fi wuyar haɗiyewa a hukuncin. Gobe idan makiyayi ne aka far wa a ruga ya ƙwace adda, da wannan ma'auni za a auna shi.

Sauran ƙofofin

Tsokana ita ce kariyar da aka fi kawowa, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ta wanke mutum, tana dai sauko da shi daga rataya zuwa ɗauri. Sai tsokanar ta kasance mai tsanani kuma ta ba-zata, ta gusar masa da hankalin kame kai, ya aikata nan take kafin zuciya ta huce, kuma martanin ya yi daidai da abin da aka yi masa. Wanda aka mara a kasuwa da safe, ya koma gida ya wasa wuƙa, ya dawo da la'asar, ya fita daga wannan kariya. Tafiyar da ya yi zuwa gida ita ce shaidar da za ta rataye shi.

Zargin maita ba kariya ba ne. Tun a 1954 kotu ta yanke wannan a shari'ar Gadam, wanda ya kashe wata tsohuwa da fartanya bisa imanin cewa ita ta kama kurwar matarsa. Kotu ta yarda ya yi imani da hakan har zuciyarsa, amma ta ce imanin ba hujja ba ne, ta tabbatar da hukuncin. Fiye da shekara 70 ke nan, har yanzu ana kashe tsofaffi a ƙauyuka da wannan zargi.

Taɓin hankali kariya ce a sashe na 51, idan ciwon ya hana mutum sanin abin da yake yi ko sanin cewa laifi ne. A nan nauyin kawo hujja yana komawa kan wanda ake tuhuma. Ana buƙatar likita, da katin asibiti, da dangi ko maƙwabta da za su faɗi halinsa kafin abin ya faru. Iyalin da suka ɓoye ciwon ɗansu don kunya, ko suka tsaya wajen mai magani ba su taɓa kai shi asibiti ba, sukan iske ba su da ko takarda ɗaya ranar da ake nema. Kuma wanda kotu ta karɓi wannan kariya daga gare shi ba gida yake tafiya ba, tsare shi ake yi a wurin da hukuma ta ga ya dace. Shi kuwa wanda ya sha ƙwaya da ganin damarsa, buguwar ba za ta cece shi ba.

Sai wanda ya ce sam ba ya wurin. Kotunan Najeriya sun sha nanata cewa irin wannan kariya a gaban ɗan sanda ake fara faɗarta, tun ranar farko, da cikakken bayani: ina yake, da su wa, ƙarfe nawa. Idan ya faɗa, wajibi ne 'yan sanda su bincika, rashin binciken kuma yana iya rusa ƙarar. Idan ya bari sai a kotu bayan shekara uku, alƙali yana iya ɗaukarta a matsayin ƙirƙira. Wane ɗan acaɓa ne ya san wannan ƙa'ida a daren da aka kama shi?

A caji ofis ake faɗuwa

Wannan tambaya ita ce zuciyar batun. Jama'a na zaton a kotu ake cin shari'ar kisa ko a faɗi. Gaskiyar ita ce da yawa an gama su tun a kwana biyun farko, a ɗakin bincike, kafin wani lauya ya san da zancen.

Doka ta yarda a sami mutum da laifi bisa ikirarinsa kaɗai, idan kotu ta gamsu da kansa ya yi kuma gaskiya ne. Saboda haka takardar da ya dangwala wa yatsa a ofishin 'yan sanda takan fi kowane shaida nauyi. To wa ya rubuta ta? Mutum ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, ɗan sanda ya rubuta da Turanci. Tsakanin "ya mutu a hannuna" da "na kashe shi" akwai tazarar da ta kai rai guda. "Ya zaro wuƙa sai na buge shi" idan aka yar da rabin farko, abin da ya rage ikirarin kisa ne tsantsa. Wanda ba ya karatun boko ba shi da hanyar sanin wanne aka rubuta.

Kotuna sun san da wannan haɗari. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a rubuta bayani da harshen da aka yi shi, idan kuma da tafinta aka ɗauka, sai tafintan ya zo kotu ya ba da shaida, in ba haka ba takardar jita-jita ce. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar azaba, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da azabar kanta laifi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sassa na 15 da 17, ta tanadi a ɗauki ikirari a bidiyo, a kuma ɗauki bayani a gaban lauya ko wani da wanda ake zargin ya zaɓa. Jihohi sun yi nasu irinta, Kano ta yi a 2019. A hukunce-hukuncen da ta yanke a 2023 da 2024, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan tanadi ba ado ba ne, ikirarin da aka ɗauka ba a bi shi ba yana iya faɗuwa.

Duk waɗannan suna nan a rubuce. Amma babu ɗaya da ke aiki da kansa. Sai wani ya miƙe a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, ya ce bai yarda ba, a binciki yadda aka same ta. Idan lokacin ya wuce ba a yi magana ba, gyaran yana da wuya a kotun sama. Mai kuɗi lauyansa na isa caji ofis kafin a buɗe fayil. Talaka yakan fara ganin nasa a harabar kotu, minti goma kafin a kira ƙara, bayan ya yi shekara biyu a tsare.

Jiran ma wani hukunci ne. Kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa, amma can ake fara kai mutum a tura shi gidan gyaran hali, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Beli a tuhumar kisa sai babbar kotu, kuma sai da dalili na musamman. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Kowace shekara da ta wuce, kariya ce ke lalacewa: raunin da zai nuna an fara kai masa hari ya warke ba a ɗauki hotonsa ba, maƙwabcin da ya ga farkon faɗan ya tafi ci-rani, mai shayin da zai ce tare suke ya rasu.

Akwai kuma batun gawa. A Arewa ana gaggauta jana'iza, kuma iyalai da dama ba sa son a taɓa mamacinsu da wuƙar likita. Abin fahimta ne. Amma binciken likita shi ke nuna ko dukan ne ya yi kisa ko wani ciwo ne daban, suka ɗaya ce ko bakwai, daga gaba ko daga baya. Kotu tana iya yanke hukunci babu shi idan sanadin mutuwar a fili yake. A shari'ar Maryam Sanda, wadda Babbar Kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a Janairun 2020 kan mutuwar mijinta Bilyaminu Bello a 2017, ta ce faɗuwa ya yi a kan fasasshiyar tukunyar shisha. Kotu ba ta gamsu ba, ta dogara da hujjojin da suka kewaye lamarin da kasancewarta ta ƙarshe da aka gani tare da shi. Tana da lauyoyi, ba su hana hukunci ba. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa lauya sihiri yake yi wa alƙali.

"To ba masu laifi za su riƙa kuɓuta ba?"

Za su kuɓuta wani lokaci, babu amfanin musun wannan. Akwai uwar da ta ga wanda ta tabbata shi ya kashe ɗanta ya fito daga kotu yana murmushi, kuma babu sashen dokar da zai sanyaya mata zuciya. Amma idan aka bi irin waɗannan shari'u, yawanci ba wayon lauya ne ya sake shi ba. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki bai zo ba da shaida ba. Makamin ya ɓata a ɗakin ajiya. An dogara da ikirarin duka maimakon a nemo shaidu. Maganin wannan shi ne a gyara bincike. Hana wanda ake tuhuma kariya ba zai kama mai laifi ko ɗaya ba, sai dai ya ƙara yawan marasa laifi a layin rataya, alhali wanda ya yi kisan yana yawo a gari.

Lauya kuma ba a ba shi lasisin ƙarya ba. Ƙa'idar aikinsa ta hana shi kawo shaidar da ya san ƙarya ce, ko ya ɗora laifin a kan wanda ya san ba shi da hannu. Aikinsa ya tilasta wa gwamnati ta tabbatar da abin da ta faɗa, ya kuma sa a gaban alƙali duk abin da ke sauko da laifin. Dokar ma ba ta yarda da gaggawa a nan ba: ko mutum ya ce ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, kotu rubutawa take yi cewa bai amsa ba, a kawo shaidu.

Wanda yake son ganin yadda hukunci yake idan babu mai kare wanda ake zargi, ya tuna Uromi. A watan Maris 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a wannan gari na Jihar Edo suna hanyar komawa gida, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Waɗanda suka yi musu haka su ma sun tabbata a ransu cewa masu laifi suka kama. Arewa ta yi kuka, kuma kukan daidai ne, ta ce me ya sa ba a kai su gaban hukuma an saurare su ba. Saurarar da aka nema musu ita ce wadda ake zagin lauya a kanta a Kano.

Gyaran da ake buƙata ba ya neman sabuwar hukuma. Akwai tsarin da ya ba lauyoyi damar zama a ofisoshin 'yan sanda su ga waɗanda aka kama, ƙarƙashin Hukumar Legal Aid da haɗin gwiwar ƙungiyar lauyoyi. Jihohi su sa masa kuɗi, ya wuce manyan birane ya isa ƙananan hukumomi. Ɗaukar bayani a bidiyo ba ya buƙatar kwangila, wayar da ke aljihun mai bincike ta isa. A rubuta bayanin Bahaushe da Hausa, a karanta masa kafin ya dangwala. Majalisun jihohi kuma su sake duba tilascin hukuncin rataya, a bar wa alƙalin da ya ga shaidu da idonsa damar ya auna. A halin yanzu mutum sama da 3,000 ke jiran a zartar musu da hukuncin kisa a ƙasar nan, gwamnoni ba sa son sa hannu, rabon da a ji an zartar tun 2016 a Edo. Ba a rataye su ba, ba a kuma sake su ba, iyalan mamatan ma ba su ga ƙarshen maganar ba.

Sunday Jackson ya fito. A watan Disambar 2025 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe fiye da shekara 10 a tsare. Sunansa ya kai Amurka, an yi ta rubutu a kansa, shi ya sa aka tuna da shi. Afuwar gwamna ta buɗe masa ƙofar gidan yari, amma ba ta goge hukuncin Kotun Ƙoli ba. Yana nan a littafi, kuma shi za a buɗe wa manomi ko makiyayi na gaba da ya ƙwace wuƙa a daji, wanda babu jaridar da ta san sunansa.